Kafin a Ɗora Na Beljiyam: Me Ya Kashe Giyabos Na Farko?

Alamun sukan fara ne da ladabi, kamar baƙon da ba ya son a ji shigowarsa. Da safe a sa mota a ribas, ta yi jim na daƙiƙa biyu ko uku kafin ta ɗauka, sannan ta ɗauka da 'yar girgiza. Bayan wasu makonni, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, direba ya taka totur don ya wuce tirela, inji ya yi kuka, allurar juyi ta haura, amma gudun motar bai ƙaru daidai da kukan ba. Daga nan sai ranar da fitila ta kama a dashbod, motar ta maƙale a giya ɗaya tak, aka lallaɓa da ita zuwa gareji. Bakanike ya ɗebo man giya, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu, ya yanke hukuncin da kusan duk mai tsohuwar mota otomatik ya taɓa ji ko zai ji: "Alhaji, giyabos ya tafi. Sai dai a samo na Beljiyam a ɗora."

Rabin farko na wannan hukunci yakan zama gaskiya. Rabi na biyu ne abin jayayya, musamman idan motar mai turbo ce kuma ta haura shekara 15. Ɗora giyabos na hannu ya zama al'adar da ba a tuhuma a garejojin Najeriya da Nijar, har ma mai mota yakan ji kamar ba shi da zaɓin da ya wuce neman kuɗin. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Giyabos otomatik ba ya mutuwa don ajalinsa ya yi kawai; wani abu ne ke kashe shi, kuma a mafi yawan lokuta wannan abin yana nan a jikin motar yana jiran wanda za a ɗora, ko kuma yana cikin ƙirar giyabos ɗin kansa, ta yadda na Beljiyam ma da cutar ya iso. Duk wanda ya biya kuɗin sabon giyabos ba tare da an amsa masa tambayar abin da ya kashe na farko ba, cinikin biri a sama ya yi.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar wata mota da kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fitar a 2002, wato XC90, musamman samfurinta da ake kira T6. Mota ce mai kujeru bakwai wadda ta samu karɓuwa sosai a Amurka, ta kuma yi suna wajen kare fasinja a lokacin haɗari. An sa mata inji mai filogi shida a jere, mai girman lita 2.9, da turbo biyu, wanda ke ba da ƙarfin doki 272. Matsalar ta samo asali ne daga yadda aka kwantar da wannan doguwar halitta: a gicciye, wato daga tayar hagu zuwa ta dama, ba daga gaba zuwa baya ba. Inji mai filogi shida a jere dogo ne, don haka ɗan wurin da ya rage wa giyabos a gefensa bai taka kara ya karya ba. Giyabos mai giya biyar na kamfanin Aisin na Japan, wanda aka sa wa 'yar'uwarta mai filogi biyar da ake kira 2.5T, bai shiga wurin ba. Wanda ya shiga shi ne wani mai giya huɗu na kamfanin General Motors na Amurka, mai lamba 4T65, domin ƙirarsa ta naɗe kanta: sarƙa ce ke ɗauko ƙarfi daga bakin inji ta kai shi ga haƙoran giya da ke kwance a bayan injin. A nan akwai ɗan abin dariya, domin a lokacin Volvo mallakar Ford ne, babban abokin hamayyar General Motors.

Wannan giyabos ba lalatacce ba ne. Zuriyarsa ta faro tun shekarun 1980, kuma ya yi aiki a miliyoyin motoci irin su Chevrolet Impala da Buick ba tare da wani babban abin kunya ba. Sai dai a cikin XC90 T6 an ɗora masa kayan da suka kai shi bakin iyakarsa: jiki mai nauyin sama da tan 2, tayoyi huɗu duka masu ja, da injin da ke kawo ƙarfin murɗawa na Nm 380 tun daga juyi 1,800 a minti ɗaya. Sakamakon bai ɓuya ba. Masu motar a Amurka sun yi ta kukan mutuwar giyabos tun motocin ba su tsufa ba, wasu ma fiye da sau ɗaya, har suka haɗu suka kai ƙara wata kotun tarayya a jihar New Jersey a kan samfuran 2003 zuwa 2005. An ƙare da sulhu a 2013, inda aka amince a mayar wa waɗanda suka cancanta wani kaso na kuɗin da suka kashe. Kafin nan kamfanin ya riga ya daina sa wannan haɗi a XC90. Injin V8 da ya shigo a 2005 da giyabos mai giya shida na Aisin ya zo.

Sulhun ya ƙare a Amurka, motocin kuwa ba su ƙare a can ba. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa ƙananan motoci na hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma nahiyar Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Motar da darajarta ta faɗi a ƙasarta saboda an san cutarta ita ce ta fi kyan farashi a idon mai shigo da motoci. Ta haka irin waɗannan motoci suke bi ta Legas ko Kwatano su ƙare a hannun likita a Kano ko lauya a Abuja, wanda ya ga kujerun fata da gilashin rufi a kan kuɗin da bai kai na Toyota mai shekaru ɗaya da ita ba, ya ɗauka ya yi sa'a.

Don a gane dalilin da ya sa turbo da tsufa da zafi suke haɗuwa su cinye giyabos, sai an leƙa cikinsa. A tsakanin inji da giyabos otomatik babu kulocin da ƙafa ke takawa. Akwai wani rufaffen kasko cike da mai, wanda bakanikai ke kira kwanbata, mai ɗauke da abin da ya yi kama da fanka biyu da suka fuskanci juna: inji yana juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi a kan ɗayar har ta juya. Daga nan ƙarfin ke shiga jerin haƙora, waɗanda wasu siraran faranti ke kamawa da saki don a samu giya ta ɗaya ko ta uku. Waɗannan faranti, da ake kira faiba, fuskarsu wani abu ne mai kama da takarda da aka manna a kan ƙarfe. Abin da ke matse su kuwa shi ne matsin mai, wanda famfo ke samarwa, wani allo mai ƙananan hanyoyi da bawul-bawul yake rarrabawa, kwamfuta kuma take ba da umarnin lokacin da za a yi hakan. Wato mai ɗaya ne ke ɗaukar ƙarfi, shi ke matse faranti, shi ke shafe haƙora, shi ke kwashe zafi. Idan ya lalace, ayyuka huɗu ne suka lalace a tare.

Injin da ba shi da turbo yakan tara ƙarfinsa sannu a hankali yayin da juyinsa ke hawa. Mai turbo kuwa da wuri yake kawo nasa, kuma a dunƙule, daidai lokacin da juyin inji ke ƙasa, famfon giyabos bai kai ƙarshen ƙarfinsa ba, faranti kuma suna tsakiyar kamawa. Sabon giyabos yana jure wannan domin kwamfuta tana rage ƙarfin inji na ɗan ƙiftawar ido a duk lokacin canjin giya. Amma idan robobin da ke riƙe matsi sun bushe, ramukan bawul sun faɗaɗa, sai matsin ya riƙa zurarewa, faranti su riƙa sulɓewa maimakon kamawa. Sulɓewa tana haifar da zafi, zafi yana ƙona mai, ƙonannen mai yana ƙara sulɓewa. Akwai ƙa'idar ƙiyasi da masana man inji ke amfani da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da ya dace yana rage rayuwar mai da kusan rabi. A birnin Gothenburg, inda aka haɗa XC90, zafin rana a tsakiyar bazararsu da kaɗan yake wuce digiri 20. A Sakkwato da Maiduguri, a watan Afrilu, wuce 40 ba labari ba ne. A ƙara da gosulo, inda kwanbata ke ta dama mai ba tare da iska tana ratsa gaban mota ba, a ƙara da cewa iskar da za ta isa lagireto sai ta fara ratsa na'urar sanyaya ɗaki da ta sanyaya iskar turbo, kowacce ta zuba mata nata zafin.

To, daga ina giyabos na Beljiyam yake fitowa? Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp da unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, inda aka daɗe ana tara motoci da kayan gyara na hannu zuwa Afirka ta Yamma, ko da yake yanzu kalmar ta zama laƙabin duk wani abin hannu da ya tsallako teku. Abin da ke jibge a Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, an ciro shi ne daga motar da wani ya yanke shawarar ba ta cancanci gyara ba. Dalilan wannan shawara iri biyu ne. Ko dai motar ta yi haɗari jikinta ya lalace alhali cikinta lafiya lau, ko kuma jikin yana nan garau, wani abu mai tsada a cikinta ne ya gaza. Giyabos da ya fito daga ta farko abin nema ne. Amma a samfurin da aka san giyabos ne rauninsa, mene ne abin da ya fi yiwuwa ya kai mota mai kyan jiki wurin masu yanka? Mai saye yana zaɓe ne daga tarin da cutar da yake gudu ita ce ta tara shi.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan kasuwa a wata maƙala da ya buga a 1970 a kan cinikin motocin hannu, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, idan mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba, farashi yakan daidaita a tsakiya, masu kaya nagari su janye, marasa kyau su cika kasuwa. Kasuwar giyabos ta ma zarce misalinsa, domin sau da yawa shi kansa ɗan kasuwar bai san abin da ke cikin kayansa ba. A kwantena ya saye su da yawa, babu takardar da ta nuna kilomita nawa suka yi, babu hanyar gwada su sai an ɗora. Garantin 'yan kwanaki da yake bayarwa yana kare mai saye ne daga giyabos da ya mutu murus, ba daga wanda saura masa wata biyar ba. Kuma ko an karɓi canji, kuɗin aikin saukewa da ɗorawa da na mai ba ya dawowa. Ban da wannan akwai wanda ake kira na Beljiyam alhali daga wata mota a unguwar maƙwabta aka ciro shi, aka wanke shi da fetur har ya yi ƙyalli.

A ɗauka ma an dace da lafiyayye. Tsugune ba ta ƙare ba, domin makashin na farko yana iya kasancewa a cikin motar. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne lagireto. A yawancin motoci otomatik, man giya yana bi ta wani ɗan bututu da ke nutse a cikin ruwan lagireto don ya huce. Bangon da ya raba mai da ruwa siriri ne. Idan ya tsage, ruwa ya shiga mai, man ya koma kamar nonon da aka ɗiga wa zoɓo, kuma ruwan yana ɓamɓare fuskar faiba daga ƙarfen da aka manna ta. Wannan ya faru da XC90 T6, ya kuma yi ƙaurin suna a Nissan Pathfinder na 2005 zuwa 2010, har kamfanin ya ƙara wa'adin garantin lagiretonsu. Al'adar cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda, maimakon ruwan da aka haɗa da maganin tsatsa, tana gaggauta wannan tsagewa ƙwarai. Idan kuwa ba tsagewa ya yi ba, to bututun da tiyoyinsa suna cike da garin faiba da ɓarɓashin ƙarfen giyabos da ya mutu, kuma da an tayar da inji za su kwarara cikin sabon. Haka nan tsohuwar kwanbata, wadda a rufe take da walda, ba ta wankuwa daga waje. Mayar da ita a kan sabon giyabos don a rage kuɗi gyaran gangar Abzinawa ne.

Sai maganar mai, wadda ita kaɗai ta kashe giyabos da yawa da aka ɗora wa wasu laifin mutuwarsu. A shagunan bakin titi, "man giya" abu ɗaya ne: ja ne, a galan yake. A wurin masu ƙira kuwa kowane giyabos da irin santsin da aka auna farantansa da shi. XC90 ɗin nan misali ce mai kyau: T6 mai giyabos na General Motors man Dexron take sha, 2.5T mai na Aisin kuwa sai mai ma'aunin JWS 3309, wanda Toyota ke sayarwa da sunan T-IV. Jiki ɗaya, tambari ɗaya, shekara ɗaya, mai daban. Kamfanoni da dama na Turai sun ƙara dagula lamarin da suka riƙa cewa man giyarsu na har abada ne, ba ya bukatar canji. Ba su faɗi abadan wa ake nufi ba, amma da wuya a ce mai mota na huɗu a Gusau suke nufi. Hasali ma kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera giyabos ɗin motoci da yawa da aka yi wa wannan kirari, shi da kansa yana ba da shawarar a riƙa canza man. Camfin da ke cewa canza man giya ne ke kashe giyabos ya samo asali ne daga nan: ba a tuna da man sai alamun ciwo sun bayyana, a canza, giyabos ya mutu bayan wata guda kamar yadda dama zai yi, sai a kama sabon mai da laifi.

Akwai kuma kamanni mai yaudara. Giyabos na Aisin mai giya biyar da ke cikin Volvo an sa shi a Saab da Opel da Renault da Nissan, amma kowanne da nasa allon bawul, da nasa lissafin haƙora, da tasa kwamfutar. Na ZF da ke cikin Volkswagen Passat da Audi A4 masu injin 1.8T yana da alamar haruffa uku a jikinsa, kuma guda biyu da ido ba zai bambanta ba suna iya sabawa a yawan juyin da suke kai wa taya. A motar da tayoyinta huɗu ke ja, irin wannan saɓani yana sa gaba da baya su riƙa jayayya har wani abu ya karye. Bayan an ɗora daidai ɗin ma, kwamfutar giyabos tana riƙe da ɗabi'un da ta koya daga tsohon, na ƙara matsi a nan da jinkirtawa a can don rufe rauninsa. Sai an goge su da na'urar da ke jin yaren motar, a sake koya mata. Garejin da ba shi da wannan na'ura rabin aiki yake iya yi, komai ƙwarewar hannun mai shi. Ita ce kuma na'urar da ya kamata a fara sa wa motar kafin a kwance ko noti ɗaya, domin ba ƙaramin adadi ne na giyabos da aka yanke wa hukuncin kisa ba waɗanda ciwonsu bai wuce na'urar auna gudu, ko waya da ɓera ya ci, ko makunnin da ke gaya wa kwamfuta inda sandar giya take ba.

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa bakanikai suka fi son ɗorawa, domin ba duka ba ne son zuciya. Ɗorawa aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Buɗe giyabos a sabunta shi aikin mako ne ko fiye, kuma yana bukatar ɗaki mai tsabta, da kayan awo, da littafin ma'aunai, abubuwan da rumfar kwano a tsakiyar hunturu ba ta da su. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin allon bawul ta isa ta maƙale bawul. Idan na Beljiyam ya gaza, laifin ɗan kasuwa ne. Idan sabuntawa ta gaza, laifin bakanike ne shi kaɗai. Masu motoci ma sun taimaka: suna so a gama kafin Juma'a, kuma sun fi yarda da abin da Bature ya ɗaure da abin da ɗan unguwarsu ya buɗe. Wasu ma sun taɓa ƙonewa a hannun mai "sabuntawa" wanda faiba uku da suka fi baƙi kawai ya canza ya rufe.

Duk da haka, a motar da cutar ke cikin ƙira, sabuntawa ta gaskiya ita ce kaɗai hanyar da mai mota zai san abin da ya saya. Ma'anarta a canza faiba da farantan ƙarfe da robobi da tace-mai gaba ɗaya, a auna ramukan bawul, a canza kwanbata da lagireto, a ƙara wani ɗan lagireto na mai shi kaɗai a gaban mota. Wannan na ƙarshen ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran, kuma shi ne amsa kai tsaye ga zafin da masu ƙira ba su yi lissafi da shi ba. Abin mamaki, T6 tana da wata 'yar sa'a a nan: saboda an ƙera dangin giyabos ɗinta da yawan gaske a Amurka, kayan cikinsa ba su da wahalar samu, ko da yake ba za a ciro na Impala a ɗora mata ba, domin gangar jikinsa da wayoyinsa sun bambanta. Inda na Beljiyam ke da hujja shi ne motar da giyabos ɗinta ba shi da mummunan tarihi, aka kuma gano takamaiman abin da ya kashe na farko aka kawar da shi. A nan ma sai an ga lambar jikinsa ta yi daidai, an kwance kaskon ƙasa an duba abin da maganaɗisun cikinsa ya tara kafin a biya.

Akwai shawara ta uku da ake yawan ji a Kano da Kaduna: a mayar da ita manuwal a huta. Wannan tunani yana da tushe. Yankin da ya tashi da Peugeot 504 da 505 daga masana'antar da ta fara aiki a Kaduna a 1975 ya san kuloci ciki da waje, kuma masu 406 da yawa sun rabu da giyabos otomatik mai suna AL4 ta wannan hanya, ba su yi nadama ba. A tsofaffin motoci masu turbo na shekarun 1990, irin su Volvo 850 ko Passat 1.8T, waɗanda masana'anta ta fitar da su a nau'i biyu, aikin mai yiwuwa ne idan an samo komai daga mota guda: giyabos, da fedar kuloci, da faifan bayan inji, da sandar giya da wayoyinta, da sandunan da ke kai ƙarfi ga taya. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 kwamfutocin mota suka fara magana da juna ta layi ɗaya. Ta inji tana jiran saƙo daga ta giyabos, ta birki tana jiran nata. Idan aka cire ɗaya ba a sake tsara sauran ba, motar za ta yi ta neman wadda ta ɓace, fitilu a kunne, ƙarfi a rage. T6 kuwa ba a taɓa fitar da ita da manuwal ba, don haka babu inda za a je a kwaikwayo. Wanda ya ce zai yi, gwaji zai yi da kuɗin wani.

Daga nan sai lissafi, wanda yawancin masu motoci suke yi a juye. Suna tuna abin da suka riga suka kashe: turbo da aka canza bara, tayoyi huɗu sababbi, fentin da aka yi kafin biki. Wannan kuɗi ya tafi ko an gyara ko ba a gyara ba, bai kamata ya yi zaɓe ba. Tsohuwar ƙa'idar da ke cewa kada kuɗin gyara ya wuce darajar mota ita ma ba ta cika aiki a nan ba, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin maye gurbin mota ya yi nisa da aljihun ma'aikata da yawa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne: nawa cikakken gyara zai ci, shekara nawa na tafiya zai saya, kuma me ke layi a bayansa? A mota mai shekara 20 da turbo biyu, layin yakan yi tsawo. Idan inji yana shan mai, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, akwatin da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya yana kuka, to sabunta giyabos gina bene ne a kan ginin da ke zaftarewa. Idan kuwa sauran jikin lafiya yake, an san tarihinsa, cikakken gyara zai iya fin sayen wata tsohuwar motar da ba a san abin da take ɓoyewa ba.

Hanyar da ta fi kowacce yawa, kuma ba a cika faɗinta a fili ba, ita ce ta huɗu. A ɗora mafi arahar giyabos da aka samu, ko a zuba wa tsohon wani sinadari mai kauri da ke ɓoye sulɓewa na 'yan makonni, a goge abin da kwamfuta ta rubuta, a wanke mota, a kai ta wurin dillali da sassafe lokacin da mai bai yi zafi ba. Wannan algus ne, ko da wanda ya yi shi ma haka aka yi masa. Shi ne kuma dalilin da ya sa motocin Turai masu turbo ba su da farashi a kasuwar hannu ta ƙasar nan: kowa ya ɗauka abin da za a yi masa ke nan, sai ya taya da kuɗin gawa, wanda ya yi gyaran gaskiya ma ya rasa mai biyansa. Mai T6 da ya ga lissafi bai fita ba yana da mafitar da ba ta bukatar ƙarya. Masu yanka motoci suna saye da sanin cewa giyabos ya mutu, domin fitilu da ƙofofi da kujeru da kwamfutocin cikinta suna da masu nema, kuma sukan zo da motar ja tasu.